Yadda za ka taimaki tumatirinka ya tsallake zafin Maris da Afrilu

'Yan uwa masu noman rani a Dadin Kowa da kewaye, in kun ga ganyen tumatir ya yi yaushi da azahar kar ku yi saurin tayar da injin ban ruwa. Ku dawo da asuba ku duba, in ya miƙe to kare kansa yake yi, in har yana nan a langaɓe sannan ne ƙishirwa ta gaske. Ku tura yatsa cikin ƙasa ma tukuna, don ruwan da ya kwanta a kwami shi ma yana sa yaushi, saiwa ba ta samun iska.

Abin da ke faruwa shi ne, a bayan ganye akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke shiga a haɗa abinci, ta nan kuma ruwa ke fita. Da ƙasa ta fara bushewa sai shukar ta ƙara wani sinadari da take haɗawa a jikinta mai suna ABA, shi kuma ya sa ƙofofin su rufe. Ruwa ya tsira amma girki ya tsaya, ga rana tana ta dukan ganye babu inda za a kai ƙarfin hasken, sai ya koma yana lalata wani furotin mai suna D1 da ke aikin sarrafa hasken, wanda dole shukar ta riƙa sabunta shi. Ga Rubisco, furotin da ke kamo kabon ɗin a cikin ganye, in zafi ya yi yawa sai ya riƙa cafko oksijin a maimakonsa, asara kan asara. Masara da dawa da gero suna tara kabon kusa da Rubisco, shi ya sa suka fi jurewa, tumatir ba shi da wannan gatan, wallahi abin tausayi ne.

Don haka ban ruwa da sassafe, ƙofofin su buɗe lokacin da sauran sanyi. A rufe gindin shuka da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Kar a zuba takin yuriya a busasshiyar ƙasa, kamar gishiri yake, janye ruwa yake daga saiwa.

Dashe kuma da yamma, bayan an ɗan rage wa irin ruwa na 'yan kwanaki ya saba da wahala. Sai lissafin lokaci, zafin da ya haura digiri 35 yana ɓata garin furen tumatir, furen ya kakkaɓe, to a yi dashe da wuri furen ya fito cikin hunturu.