Gyaran ruhin ɗaki da bango kahin damana, abin da maigida ka iya yi da hannunshi

Jama'ar Tawa da kewaye barkanmu da zahi. Kun dai san abin da ka biyo bayan wanga zahin, daga ƙarshen watan biyar zuwa cikin watan shida hadari zai fara haɗowa daga gabas da iskar nan mai jar ƙura, kuma sai a ranar ne mutum ka tuna ɗakinshi na zuba. To ba a fafe gora ranar tahiya, yanzu ne lokacin aikin, tun laka na bushewa da wuri kuma kowa bai ruga wurin maso, wato magini, ba. Duk mun ga damanar 2024, gidajen da suka faɗi a ƙasar nan ba su ƙirguwa da baki, har tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe cikin watan tara, kuma da yawa cikin waɗanda suka rasu ɗaki ne ya faɗa musu suna kwance, Allah shi jiƙansu.

Yawanci mutum da ya ga tsaga a bango sai ya sayo siminti ya liƙe ya ce ya gama. Ni shawarata ka bar bangon tukuna, ka bi hanyar ruwa daga inda shike sauka har inda shike barin gidanka, wato ruhi, indararo, gindin bango, sannan daga ƙarshe ka zo kan yaɓe. In ka juya tsarin, abin da ka liƙe bana shi za ka sake liƙewa baɗi.

In ruhinka na kwano ne, shiga ɗaki da tsakar rana ka ruhe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk inda haske ya ratso nan ruwa zai biyo, sa yaro shi tsaya ciki da dogon kara shina ƙwanƙwasa wurin kai kuma kana sama kana sa alama da alli ko gawayi. In akwai filafo, wato silin da ya ɓoye kwanon daga ciki, to tabon ruwan bara za ka bi, sai dai ka sani ruwa na bin katako shi yi nisa kahin shi ɗiga, saboda haka ramin na iya kasancewa sama da inda tabon yake. Hawa kuma da sassahe ake yi tun kwanon bai ɗau wuta ba, ka taka daidai layin ƙusoshi don nan ne katako ko ƙarhe yake a ƙasa, kuma don Allah ka duba inda wayar Nigelec ta shigo gidan kahin ka jingina tsani, musamman in tsanin na ƙarhe ne.

Mahi yawan yoyon kwano daga ƙusa yake. Robar da ke wuyan ƙusa rana na cinye ta, iska kuma ta yi ta girgiza kwanon har ramin ya buɗe. Ciro wadda ta yi lako-lako ka sa sabuwa mai hula da roba wadda ta ɗan hi ta kauri, kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarin da ruwa ka gudu ba. Ƙaramin rami kuwa goge tsatsar da burushin ƙarhe, ka liƙa mishi abin nan mai gudron a ciki da farin almini a baya da ake saidawa a nannaɗe a kankaleri, ka danna sosai da gindin cokali. Amma kwanon da tsatsa ta ci har yatsa na iya huda shi kar ka ɓata kuɗinka, canza fallen gaba ɗaya. Mu nan muna ɗora duwatsu da tubali bisa kwano saboda iska, ba laihi, sai dai kar su zauna cikin kwari su tare ganye da ƙasa, nan tsatsa ka farawa.

Ruhin ƙasa shi ne na hi jin tsoro, kuma shi ne aka hi yi wa ganganci. Kowace shekara sai a ƙara zuba mishi ƙasa bisa ta bara, ba mai tunanin iccen da ke ɗauke da ita. Yi lissahi da kanka, ɗaki mai mita 4 kowane gehe in ka ƙara mishi kaurin santimita 10 kawai ka ɗora mishi kusan tan 2 da rabi, busasshiya ke nan, in ta sha ruwan watan takwas nauyin ya wuce haka, alhali iccen shi ne dai na tun zamanin baba kuma gara ta riga ta shiga. Saboda haka fara daga ciki, ɗauki marto ka bubbuga kowane icce musamman inda ya shige cikin bango, in ka ji shina amsawa kamar ganga ko gari na zubowa, ko ka soka mishi ƙusa da hannu ta shige, wannan ya tashi aiki, ka tokare shi da gwafa mai ƙarhi yau yau kahin a canza shi. A sama kuma kankare tsohuwar ƙasar da ta yi burtsi ka zubar sannan ka sa sabuwa daidai wadda ka cire, ka daddaɓe ta da kyau, ka ba ta gangare zuwa bakin indararo, ko da santimita 2 ne a kowace mita ya isa ruwa shi gudu. In akwai leda a ƙarƙashi duba kar ta zamo ta yage ko ta leƙo rana ta ƙone ta. Zuba bokiti guda na ruwa ka tsaya ka kalla, inda ya kwanta nan ne aikinka bai yi ba.

Indararo, zura kara ka hidda sheƙar tsuntsu da ledoji, ka liƙe wuyanshi inda ya haɗu da bango don nan ne ruwa ka sulalewa shi ci bangon daga sama. Indararon shi kai aƙalla rabin mita a waje, inda ruwan ka zuba kuma ka jera duwatsu, abin da Allah ya hore muna a Adar ba sai an saya ba.

Gindin bango kuwa ko gidan siminti ne bai son ruwa shi kwana a wurin. In ka ga ƙasan bango na marmashewa ko shina hidda fari-farin gishiri to danshi ne ka hawa daga ƙasa. Cike wurin da jar ƙasa mai tsakuwa ka daɓe, ka karkata shi ruwa shi bar bango shi nuhi tsakar gida da rariya, rariyar ma a yashe ta har waje. Randa, wurin alwala da wurin wanke-wanke a janye su daga jikin bango. Kuma ka yi magana da maƙwabcinka tun yanzu cikin mutunci in ruwanshi a bayan ɗakinka yake zuba, ya hi a yi ta cikin dare ruwa na sauka rai a ɓace.

To yanzu yaɓe. In bangon laka ne, da laka ake gyaranshi. Na san mutane na son shafa siminti don shi yi kyan gani, amma laka na kumbura da danshi ta tsuke da rani, siminti kuwa bai motsi, sai su rabu, ruwa shi shige tsakani shi yi ta cin bangon a ɓoye kai kana ganin huska lahiya lau har ran da falle guda zai ɓallo. In dole sai ka sa siminti to a fara buga giriyaji, wato ragar waya, da dogayen ƙusoshi a jikin bangon, kuma duk shekara ka bi ka ƙwanƙwasa ka ji inda ya saki. Lakar yaɓe kuma ba ranar da aka kwaɓa ake shafa ta ba. Haɗa ta da yashi, da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa, da kashin shanu ko na jaki, a tattake da ƙafa, a ruhe a bar ta kwanaki tana ruɓa ana yayyafa ruwa ana juyawa. Don ka gane ko haɗin ya yi, shafa faɗin tahin hannu biyu a bango ka bari shi bushe, in ya tsattsage laka ta yi yawa ƙara yashi da ciyawa, in kuma shina zubowa da ka goga hannu to yashi ne ya yi yawa. Kankare abin da ya saki, jiƙa bangon, ka jefa lakar da ƙarhi ta kama sannan ka lailaye, kuma shafi biyu marasa kauri sun hi guda mai kauri. Wanda ke raina laka shi je Yama wajen Illela shi ga masallacin da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 masallacin da ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, laka ce, kulawa ce ta riƙe shi.

Bangon siminti in tsagar siririya ce a yaɓe kawai, buɗe ta da bakin turuwel ko kurfi ta ɗan yi faɗi, share ƙurar, jiƙa sosai, ka cike da awo 1 na siminti da awo 4 na yashi tankaɗaɗɗe mara ƙasa. Na Malbaza ne ko wani duk ɗaya, in dai buhun bai sha danshi ya yi ƙulalai ba. Kwaɓa kaɗan kaɗan wanda za ka ƙare cikin awa guda, ka yi aikin da marece, ka riƙa ba shi ruwa sahe da marece har kwana 7, don a zahin Tawa simintin da bai sha ruwa ba ƙonewa yake shi zama gari.

Akwai tsagar da ba taka ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda ake gani ciki da waje, wadda yatsa ka shiga, ko inda bango biyu suka fara rabuwa a kusurwa. Ja layi biyu da alli gehe da gehe ka auna tsakaninsu, bayan sati biyu ka sake aunawa, in ta ƙaru to tushe ne ka motsi, kira maso wanda ya san aiki shi duba. In kuma bango ya yi ciki ko ƙofa ta fara ƙin ruhuwa haka kawai, hidda iyali da kaya daga ɗakin nan, ko a rumfa ne su kwana har a gyara.