Kurakuran da ke shigo da gubar dalma cikin gida, da yadda za a gyara su

A farkon 2010 agwagi ne suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Daga nan sai yara: amai, ciwon ciki, taune-taune, sai rasuwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, da suka shiga yankin a watan Maris suka ga magungunan zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi wa yaran komai, har gwajin jini ya nuna dalma ce, daga dutsen zinaren da ake haƙowa ana fasawa. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, don haka dutse na nan ana fasawa, kurakuran da suka jawo waccan musiba ma ba su tafi ko'ina ba.

Babbansu shi ne kawo dutse gida. Dutsen zinaren wannan yanki yana ɗauke da dalma a jikinsa, kuma muddin yana dunƙule cutarwarsa kaɗan ce. Daka da niƙa ne ke mai da shi ƙura mai laushi kamar garin tuwo, ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a bakin randa. Yaro mai rarrafe kuwa hannu ƙasa, hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya. Shi ya sa maigida yake ganin kansa garau, ya ce ai da guba ce da ni ta fara kamawa. A 2010 a turmin gida mata suka riƙa daka dutsen, aka kuma niƙa shi da injin niƙan hatsi a tsakiyar gari. Gyaran shi ne a fitar da aikin gaba ɗaya bayan gari, nesa da rijiya da wurin wasan yara, a riƙa niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta. Turmi, taɓarya, buhu ko kwanon da ya taɓa dutse ya yi sallama da abinci ke nan. Kada uwargida ta ce buhun da sauransa, ta zuba gero.

Wani zai ce shi bai taɓa kawo dutse gida ba. To rigar fa? Takalmin fa, da hular, da sirdin babur? Mutum ya wuni a bakin inji ya yi fari fat, ya shigo yara su ruga su rungume shi, ya ɗauki na goye ya ɗora a cinya. A ganina wannan ya fi na farko wuyar bari, domin ba ya kama da laifi. A ware kayan aiki a bar su can, a yi wanka a canza tufafi kafin a tsallake zaure. In za a wanke su, kada a haɗa da na yara, kada kuma a zubar da ruwan wankin a tsakar gida.

Shara ma tana da nata. Tsintsiya a busasshiyar ƙasa tayar da ƙurar kawai take yi, a yayyafa ruwa tukuna. Amma gidan da aka daɗe ana daka dutse a cikinsa, shara ba ta tsarkake shi, dalma ba ta ruɓewa, ruwan damina ba ya kashe ta. Abin da aka yi a ƙauyukan nan, har Bagega a 2013, shi ne kankare saman ƙasar a kai ramin da aka tanada a binne, a zubo sabuwa. Kuma kada a yi tubali ko yaɓe da ƙasar kududdufin da aka wanke dutse a cikinsa.

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire dalma. Nono da madara abinci ne mai kyau, kuma yaron da ya ƙoshi ba ya tsotse gubar kamar mai yunwa ko mai ƙarancin jini, amma ba makari ba ne.

Sai jiran alama. Iyaye da yawa ba sa tunanin asibiti sai yaro ya fara sanƙarewa, wasu ma a lokacin sai a ce iska ce, a nufi hayaƙi da rubutu. Addu'a ba ta hana gwaji. Dalma tana iya yin ɓarnarta shiru: yaro ya yi jinkirin magana, ya cika fushi, ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa a makarantar allo ana cewa daƙiƙi ne. Babu wani adadin dalma a jini da masana suka ce ba ya cutarwa. Idan ta kai 45 a ma'aunin gwajin jini (maikirogiram a kowace desilita), likitoci kan fara tunanin ba da maganin da ke kama ta ya fitar ta fitsari. Maganin yana ceton rai, sai dai ba ya maido da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, kuma in yaro ya koma cikin ƙurar da ya baro, an yi aikin baban giwa. Gyaran gida ne farko. Mai ciki ita ma a nisanta ta, domin dalma tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, ta fito lokacin goyon ciki ta ratsa mahaifa zuwa ga ɗan tayi.

Akwai kuskuren da ya shafi har gidajen da ba ruwansu da zinare, wato kwalli. Wani kwallin gargajiya mai ƙyalli, daga dutsen dalma ake niƙa shi. Ana ranbaɗa wa jariri tun kafin suna, ya murza ido, ya tsotsi yatsa. Na san kaka ba za ta ji daɗin wannan magana ba, sai a lallaɓa ta: Inna, a bar idon nan haka har ya yi wayo. Haka fasa tsohon batirin mota ko na sola a cikin gida don a ciri dalmar ciki a sayar.

Masu kama zinare da zaiba (ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli, mercury) kuma, ƙona ta a ɗaki ko a murhun girki guba ce ta daban. Tururinta ba ya da wari, ba a ganinsa, ƙwaƙwalwa da ƙoda yake bi. A yi ƙonar a fili bayan gari, a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu da ke tara zaibar ta koma ruwa, ka ga ma an sami ta sake aiki gobe.