Yadda Ake Koya Wa Yara Sauraro A Gidan Kirista

Wasiƙar Yakubu 1:19 ta umarci kowane mai bi ya zama mai saurin ji, mai jinkirin magana, mai jinkirin fushi. Yesu da kansa, kafin ya buɗe idanun Bartimawas makaho a hanyar Yariko, sai da ya tsaya ya tambaye shi abin da yake so a yi masa, alhali bukatarsa a fili take, domin ba mutum damar faɗin damuwarsa da bakinsa yana cikin ƙaunar da ake nuna masa.

Iyayen da suke son yaransu su iya wannan hali dole su fara da kansu, gama yaron da kullum ake katse masa hanzari da “yi mini shiru” zai girma yana yi wa wasu haka. Idan ya dawo daga makaranta da labari, uwa ta ajiye waya ko muciya na ɗan lokaci, ta sunkuya daidai tsawonsa, ta bar shi ya kai aya ko da yana maimaita abu ɗaya. In tuwo yana kan wuta, ta gaya masa gaskiya cewa za ta saurare shi da zarar ta sauke, sannan ta cika alkawarin. Wannan cika alkawari, a ganina, ya fi kowace nasiha tasiri. Haka kuma idan yara biyu suka kawo ƙara, kada uba ya yanke hukunci sai ya ji kowane ɓangare, tunda Karin Magana 18:13 ta kira amsawa kafin a ji wauta da abin kunya. Ya sa kowannensu ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa kafin ya kare kansa. Sau da yawa rigimar takan mutu tun a nan.

Lokacin addu'ar iyali da yamma ya dace da horo. A karanta gajeren labari, kamar na yaro Sama'ila da ya ji kira cikin dare a 1 Sama'ila 3, a rufe Littafi Mai Tsarki, a ce ƙaramin ya ba da labarin da kalmominsa, babban kuma ya cike abin da aka tsallake. A ƙyale su su yi tambaya, domin Luka 2:46 ya nuna Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali yana sauraron malamai, yana kuma yi musu tambayoyi. Aike ma makaranta ce: kafin yaro ya fita, ya maimaita saƙon.

Idan ya fara wayo, a riƙa tafiya da shi gaishe da marasa lafiya da ta'aziyya, a shaida masa tun a gida cewa zai gaisa ne, ya zauna, ya ji. A hanya a tambaye shi abin da ya lura yana damun mutanen gidan, a yi musu addu'a a kan ainihin abin da ya ji.

Yaron da sai an ɗaga murya yake waiwayowa, ko wanda kunnensa ke yawan zubar da ruwa, kada a ɗauka taurin kai ne a hau shi da faɗa. A kai shi asibiti a duba kunnen tukuna.