Yadda Ake Gano Matsalar Famfon Sola Tun Yana Cikin Aiki

Famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ba ya gudu iri ɗaya daga safe zuwa yamma, domin inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar sola kafin ta shiga injin, tana ƙara saurin juyinsa ko ta rage gwargwadon ƙarfin rana. Wutar da yake ci kuma ba ta sauka daidai da saurin: a ƙa'idar famfo mai farfela, idan gudu ya koma rabi, matsin ruwa yakan koma kashi 1 cikin 4, wutar kuma kusan kashi 1 cikin 8. Shi ya sa ƙararrawar da aka saita a kan adadi guda takan yi ta ƙara a banza da sassafe ko ranar hazo, sannan ta yi shiru da tsakar rana ko da akwai matsala.

Da farko a tattara bayanan gudu, wuta da yawan ruwan da ke fita lokacin da famfon yake lafiya, har da ranakun hadari. Da su za a koya wa na'urar lura, wato wadda ke sa ido kan famfon tana kaɗa ƙararrawa, abin da ya kamata a gani a kowane gudu. Daga nan, a kowane lokaci sai ta kwatanta awon da ta samu da wanda ta yi tsammani, kuma giɓin da ke tsakaninsu shi ne abin dubawa, ba awon kansa ba.

Giɓi ɗaya ba hujja ba ne, tun da na'urorin awo kan yi 'yar rawa. Nan ne dabarar CUSUM, wato tara giɓi bi da bi, wadda masanin ƙididdiga E. S. Page ya wallafa a 1954, take da amfani: ana cire ɗan rangwame daga kowane giɓi, a tara ragowar, a mayar da jimillar sifiri idan ta yi ƙasa da haka, kuma ba a kaɗa ƙararrawa sai ta wuce iyakar da aka sa. A riƙe jimilla biyu, ta hauhawa da ta faɗuwa.

Idan wuta ta faɗi farat ɗaya ruwa ya ɗauke, mai yiwuwa famfon yana juyi a bushe, sai a kashe shi nan take, domin ruwan ne ke sanyaya injin. Raguwar ruwa sannu a hankali kuwa tana iya nufin yashi ya ci farfela, ko ruwan ƙasa ya ja baya da rani. Kafin a zaro famfo daga rijiya, aikin da ba shi da sauƙi, a fara gwada na'urar awon, don ita ma takan yi ƙarya.