Mai hali ya ajiye masara tun da kaka

Jama'a, in naira na zubewa, kuɗin da ke kwance a asusu narkewa yake yi. Gara a sayi masara tsakanin Nuwamba da Disamba, a Saminaka ko kasuwar Kawo ta Kaduna ranar Talata. Sai dai a kula da bushewa. Ciji ƙwaya ɗaya: in ta fashe ƙas, ta yi, in ta lotsa, a ƙara shanya ta, don danshi ke kawo fumfuna. A zuba a buhun PICS, wato buhu mai ledoji biyu a ciki da ke hana iska shiga, a matse iska, a ɗaure ledoji biyun ciki kowace daban. Rashin iska ke kashe ƙwari, shi ya sa huda ɗaya ta ɓera kan ɓata aikin duka. A ɗora kan katako, nesa da bango.