Babi na Shida: Aikin Gayyar Yashe Kwata

Darasi na 1: Shiri

A Kano, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ita ce ranar tsaftar muhalli, daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 10 na safe. Ku ƙirga da yatsa: bakwai zuwa takwas, takwas zuwa tara, tara zuwa goma. Awa uku ke nan. Tun ranar Juma'a a gaya wa mai unguwa, a yi shela a masallaci, a tanadi shebur da manjagara da tsintsiya da baro. Wanda zai shiga kwata ya sa dogon takalmin roba, don akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi a ƙasa. Ba a shiga da silifa.

Darasi na 2: Kwashe abin da aka yaso

Ku karanta wannan a hankali, ba gaggawa. Wanda ya yi tuntuɓe da wata kalma ya koma farkon layi, babu abin kunya.

A fara daga ƙasa, inda ruwa ke fita, a yi sama. A fito da dagwalo da ledar ruwa da yashi, a tara a bakin kwata. A bar shi ya ɗan tsane, saboda jiƙaƙƙe yana da nauyi. Sai a loda a baro a kai bola. To, nan ne ake faɗuwa. Na sha gani da idona: majiya ƙarfi sun yi gumi tun safe, sun yashe kwata tas, sai su wanke hannu su bar tulin a wurin. Da daddare ruwa ya sauko ya mayar da komai ciki. Kwata ta sake toshewa, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, cikin kwana 10 sababbi sun tashi.

Mu maimaita tare: a yaso, a bari ya tsane, a kwashe. Tuli ba ya kwana a bakin kwata. Ko ba hadari a sama, a kwashe, domin awaki da yara da iska za su watsa shi. In baro ɗaya ne, a yi ta jigila har ya ƙare.

Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Ku manya ne, masu iyali. Kada wani ya ƙara ce mini yana jiran motar shara ta zo ƙofar gidansa, alhali lungun ko Keke Napep ba ya shiga. Ku ɗauko fensir, kowa ya rubuta sau biyar a littafinsa: A kwashe yau.

Darasi na 3: Ware shara

Ƙarfe da robobi a ajiye gefe, 'yan gwangwan suna saye. Kada a ƙona leda, hayaƙinta yana cutar da ƙirji, musamman na yara da masu asma.

Darasi na 4: Bayan aiki

A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. A mayar wa kowa sheburinsa.