Yadda Ake Zaɓen Firintar Buga Suna da Hoto a Kan Faifan CD

Duk wanda ya taɓa tara faya-fayan CD ashirin ko talatin waɗanda babu ko ɗigon rubutu a kansu ya san irin ɓata lokacin da ke ciki, domin sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sakawa a kwamfuta kafin ya gano wanda yake nema. Ga mai ɗakin ɗaukar sauti, ko mai ɗaukar hoto da bidiyo, ko ofishin da ke adana takardunsa a faifai, ko asibitin da ke miƙa wa majiyyaci hoton gwajinsa, lamarin ya wuce sauƙin nema, saboda fuskar faifan ake fara gani kafin a san abin da ke cikinsa. Firintocin da ke buga rubutu da hoto a fuskar faifai iri-iri ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi ƙwarai. Saboda haka kafin a duba sunan kowane kamfani, ya kamata mai saye ya amsa wa kansa tambayoyi biyu tsakani da Allah: faifai nawa zai riƙa bugawa a wata, kuma shekara nawa yake so faifan ya yi yana karantuwa? Amsar waɗannan biyun ce ke zaɓen firinta, sauran abubuwa kuwa biyo baya suke yi.

Sai an san yadda aka ƙera faifan kafin a gane dalilin da ya sa wasu hanyoyin ke da haɗari. Faɗin faifan CD milimita 120 ne, kaurinsa milimita 1.2, ramin tsakiyarsa kuma milimita 15. Kusan dukkan wannan kauri roba ce garai-garai wadda hasken leza ke ratsawa daga ƙasa, bayanan kuwa suna can sama, a jikin wani siririn shafe na ƙarfe mai sheƙi wanda babu abin da ya raba shi da waje sai ɗan shafen kariya da bai kai kaurin silin gashi ba. Mutane da yawa suna lallaɓa ƙasan faifai don gudun ƙarzuwa, alhali saman da ake rubutu a kai shi ne ya fi rauni. Faifan DVD ya ɗan fi sauƙi ta wannan fuska, domin an haɗa shi ne da ɓari biyu masu kaurin milimita 0.6 kowanne, bayanan kuma suna tsakiya. Wannan ne ya sa ba a rubutu a kan CD da biro ko fensir, kuma idan za a yi amfani da maka, sai mai laushin baki wadda aka yi musamman don faifai.

Hanyar da ta fi jan hankalin mai farawa ita ce buga sitika mai siffar faifai da firintar da yake da ita, ya manna. Ni dai ba na ba kowa wannan shawara idan faifan na ajiya ne. Na'urar karanta CD mai saurin 52x tana juya faifai kimanin sau 10,000 a minti ɗaya, kuma a irin wannan gudu, sitikar da ta karkace ko da kaɗan sai ta sa faifan ya riƙa rawa yana ƙara, karatun ya yi ta sarƙewa. Bayan wasu shekaru gam ɗin yakan bushe, gefen takardar ya ɗago, kuma a na'urorin da ke zuƙe faifai ta siririn baki, kamar rediyon mota, takardar da ta ɗago tana iya maƙalewa a ciki. Mafi muni shi ne ƙoƙarin ɓamɓare ta, domin tana iya tahowa da shafen ƙarfen nan, bayanan su tafi har abada.

Akwai abubuwa biyu da za a cire daga lissafi tun da wuri. Firintar leza ta ofis ba ta buga faifai, saboda tana lanƙwasa takarda ta cikin rodi masu tsananin zafi, faifai kuwa ba ya lanƙwasuwa kuma ba ya jure wannan zafi. Haka nan fasahar LightScribe da kamfanin HP ya fito da ita a 2004, da takwararta LabelFlash ta 2005, waɗanda ke zana hoto da lezar na'urar da ke ɗora bayanan, sun riga sun shuɗe. Hotonsu launi ɗaya ne, aikinsu na da jinkiri, kuma faya-fayansu na musamman sun yi wuyar samu.

Ga mafi yawan mutane, wato masu buga faifai kaɗan zuwa 'yan gomomi a wata, abin da ya dace shi ne firinta mai fesa tawada wadda ke da tiren faifai. Ana ɗora faifan a kan wani shimfiɗaɗɗen tire na roba, a zura shi ta wata ƙofa ta musamman, firintar ta ja shi a miƙe ta fesa tawada kai tsaye a fuskar faifan. Kamfanonin Epson da Canon ne suka fi shahara a nan. A ɓangaren Epson akwai irin su L805 da L8050 da ET-8550, a ɓangaren Canon kuma akwai wasu daga cikin jerin PIXMA, kamar iP7250 da TS705. Abin da ya kamata a kiyaye sosai shi ne, firintoci biyu na kamfani ɗaya suna iya kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya tana buga faifai ɗayar ba ta yi. Don haka kada a dogara da hoto ko da maganar baki. A nemi takardar bayanin ainihin lambar samfurin, a tabbatar an rubuta cewa tana bugawa a kan CD da DVD, sannan a ga tiren da ido a cikin kwalin. Wannan ya fi muhimmanci ga mai sayen wadda aka yi amfani da ita, domin tiren shi ne abin da ya fi saurin ɓata, kowane jerin firinta kuma da irin nasa, na wata ba lallai ya shiga wata ba. Mai buga ƙananan faya-fayai masu faɗin milimita 80 sai ya bincika ko akwai zoben da ke riƙe su a tiren. A kuma tanadi fili a gaba da bayan firintar, saboda tiren yana kai da komowa yayin bugawa.

Daga nan sai batun tawada, wanda a nan ne ake yin riba ko asara. Firinta mai ƙananan kwalaben tawada da ake cirewa a sauya tana da sauƙin saye, amma tawadarta na saurin ƙarewa idan ana buga hoto mai cika fuskar faifai. Mai tankin da ake ɗurawa ta fi tsada a ranar saye, sai dai kowane faifai yana fita da sauƙi ƙwarai, kuma duk wanda ke buga fiye da 'yan faya-fayai a mako zai ga bambancin kafin a je ko'ina. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar firinta arahar ranar farko ce ke zama tsadar shekara. Tawadar kanta iri biyu ce. Akwai mai narkakken rini, wadda launinta ke fita tas da haske amma ruwa na iya wanke ta, rana kuma ta koɗar da ita. Akwai mai ƙwayoyin launi, wadda ta fi jure ruwa da haske, ko da yake a wasu faya-fayai masu sheƙi ba ta kama jiki sosai. Yawan launuka ma yana da tasiri: mai launi huɗu ta wadatar idan rubutu da tambari ne kawai, amma idan ana buga fuskokin mutane, mai launi shida, wadda ke da ƙarin shuɗi da ja marasa kauri, ta fi fitar da launin fata da inuwa sumul.

Firinta komai kyaunta ba za ta gyara faifan da bai dace da ita ba. Faifai na yau da kullum mai santsin sama ba ya shan tawada, sai dai ta taru ta dame. Dole a sayi wanda aka rubuta “Inkjet Printable” a jikin kwalinsa, domin an shafa masa abin da ke riƙe tawada. Mai farar fuska ya fi fitar da launi kamar yadda aka tsara shi a kwamfuta, mai ruwan azurfa kuwa yana ba hoto wani ƙyalli amma yana sauya launuka masu haske. Wasu ana iya buga su har kusa da ramin tsakiya, inda fagen bugun ke farawa daga wajen milimita 22 ko 23, wasu kuma suna da faffaɗan zoben da ba ya karɓar tawada. Idan faifan zai shiga hannaye da yawa, a nemi masu shafen da ke hana ruwa, irin su WaterShield da AquaAce, domin da su ko tawada mai rini takan jure gumin hannu da ɗigon ruwa.

Idan abin da ake buƙata shi ne bugun da ba ya gogewa ko kaɗan, sai a duba firintoci masu aiki da zafi. Waɗannan ba tawadar ruwa suke sha ba, ribon suke amfani da shi, wato wani siririn zirin leda mai ɗauke da launi, zafi ya narkar da launinsa a kan faifan. Masu sauƙin cikinsu sun fi ƙwarewa a rubutu da tambari mai launi ɗaya. Manyan kuwa, irin su Rimage Everest da TEAC P-55, suna fara buga hoton a kan wata siririyar leda sannan su manna ta a faifan da zafi, sai ya fito a bushe nan take, ruwa ba ya taɓa shi, kuma yana jure ƙarzuwa. Wani alherinsu shi ne kowane ribon yana da adadin faifan da yake bugawa, don haka ana sanin kuɗin kowane faifai tun kafin a fara. Tsadarsu ta sa ba su dace da gida ba, kuma su ma da irin faifansu na daban.

Yawan aiki kuwa yana da iyakar da hannu ke iya kaiwa. Firinta mai tire faifai ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kuma wanda ya taɓa tsayawa yana sakawa yana cirewa har sau ɗari ya san yini guda ne ke tafiya. Da zarar aiki ya kai ɗaruruwa a wata, sai a koma ga na'urori masu hannun ƙarfe da ke ɗaukar faifai daga tari, su ɗora masa bayanai, su buga fuskarsa, su ajiye shi a wani tarin ba tare da kowa ya tsaya a kai ba. Jerin Bravo na kamfanin Primera da Discproducer na Epson suna cikin sanannu, kuma samfurin PP-100 yana ɗaukar faifai 100 a zubi ɗaya. Idan kuma dubban kwafi iri ɗaya ake so, sayen firinta ma bai taso ba, masana'antar da ke ƙera faifai ce ta dace da aikin.

Kada manyan lambobin da ake tallata kaifin bugu da su, irin su ɗigo 5760 a inci, su ruɗi mai saye, domin fuskar faifai ba ta nuna wannan bambanci. Hoton da aka tsara a kan ɗigo 300 a kowane inci, wato kimanin ɗigo 1,417 a tsaye da kuma a kwance, ya ishi cikakken faifai. Abin da ya fi cancantar bincike shi ne manhaja. A tabbatar kamfanin yana da direban firintar, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wanda ya dace da tsarin kwamfutar da ake amfani da ita, musamman idan firintar tsohuwa ce, sannan a duba ko manhajar tsara faifai, kamar Epson Photo+ ko Easy-PhotoPrint Editor ta Canon, tana barin a saita faɗin ciki da na waje, a kuma matsar da hoto kaɗan idan ya karkace. Idan aka saita faɗin ya zarce fagen bugu, tawada za ta zuba a tiren ta ɓata faifan da ke biye.

Inda hali ya yi, a gwada kafin a biya. A tsara hoto guda da ya ƙunshi fuskar mutum, da ƙananan rubutu, da wani yanki baƙi ƙirin, a buga shi a kan ainihin irin faifan da za a riƙa amfani da shi. A duba ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, ko ƙananan haruffa suna karantuwa, ko kuma akwai layuka a cikin baƙin. A bar shi ya kwana, sannan a murza shi da jiƙaƙƙen yatsa a gani.

Bayan an saya, a riƙa ɗora bayanai tukuna kafin a buga fuskar, saboda sawun yatsa ko ɗigon tawada a ƙasan faifai na iya kawo kuskure wajen ɗorawa, kuma faifan da ya lalace a wannan mataki bai ci tawada a banza ba. A riƙe faifai ta gefe ko ta ramin tsakiya, a ba shi awa 24 ya bushe sarai kafin a saka shi a na'ura ko a jera shi a kan wani, kuma a nisanta shi da hasken rana. Firinta mai fesa tawada ba ta son zaman banza, domin tawada na bushewa a ƙananan ƙofofin kan da ke fesa ta, wankin kan kuma yana shan tawada mai yawa. Ko babu faifan bugawa, a buga shafin gwajin launuka a kan takarda sau ɗaya a mako, a kashe ta da maɓallinta ba daga soket ba domin kan ya koma mazauninsa ya rufu, tiren kuma a ajiye shi a shimfiɗe inda nauyi ba zai lanƙwasa shi ba.